Abin da Ya Cinye Ɓargon Maigidana

Mutane suna cewa ina da riƙo. Gaskiya ne, ina da shi, kuma ban taɓa neman maganinsa ba. Akwai mutum ɗaya a birnin Daura da na riƙe a zuciya tun 'yata tana firamare har ta isa aure, wato wan maigidana, wanda kowa yake kira Alhaji kamar shi kaɗai ya taɓa hawa jirgi.

Ni 'yar Zango ce, malamar firamare. Aure ne ya kai ni cikin birni, wani tsohon gida babba a bayan Kusugu, inda surukata take zaune da 'ya'yanta maza biyu da iyalansu. Alhaji ne babba, shi ne kuma mai dukiya. Maigidana ne ƙarami, mutum mai sanyin hali wanda ko akuya ce ta shiga masa ɗaki sai ya ba ta haƙuri kafin ya kore ta. Tun yana saurayi yake yi wa wansa aiki, aikin kuwa na mai ne. Alhaji yana da wani sito a hanyar Kongolam, rufin kwano, ƙofa ɗaya, babu taga ko ta leƙe, don ba a son idon jama'a. A nan ake jibge gangunan fetur, a nan ake ɗura shi a jarkoki, masu babura su zo su ɗauka su bi ta daji su tsallaka iyaka. Maigidana shi ne mai ɗurawa. Zai zura tiyo cikin ganga, ya kafa baki ya zuƙa har man ya taho, ya tofar da wanda ya shiga bakinsa, ya mai da tiyon cikin jarka. Haka yake wuni a rufe, ga zafin bazara, ga kwano a kansa. In baƙin mai ya ɓata masa hannu, da fetur ɗin yake wankewa.

In ya dawo gida ba sai ya yi sallama ba, warin ya riga shi shigowa. Nakan ce masa kada ya matso kusa da murhu, ban shirya zama gwauruwa ba. Sai ya yi dariya ya tafi ya yi wanka, ya fito warin yana nan, domin daga cikinsa yake fitowa. Ko gyatsa ya yi sai ka ce an buɗe tankin babur.

Ciwon a hankali ya shigo. Da farko gajiya ce, mutumin da yake ɗaga jarka biyu ya koma sai ya huta tsakanin ƙofar gida da ɗakinmu. Tafin hannunsa ya yi fari fat. Da safe in ya yi asuwaki sai dasashinsa ya yi ta jini ya ƙi tsayawa, daga baya haɓo ya biyo, sai kuma zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. A asibiti aka ce jininsa ya yi ƙasa sosai, a nemo masu bayarwa. Yayana ya taho daga Zango ya bayar, abokan maigidana suka bayar. Ana ƙara masa ledar jini sai ya farfaɗo, leɓensa ya yi ja, ya ci tuwo, ya ce gobe zai leƙa sito. Kuma yakan leƙa ɗin, don Alhaji ba ya son aiki ya tsaya. Ba a jimawa sai jinin ya sake tafiya kamar an zuba ruwa a kwando.

To a wurinmu in jini yana ɓacewa a jikin mutum ba a ga inda yake zuba ba, tambaya ɗaya ake yi, wa yake sha. Na ji an fara yinta a tsakar gida ƙasa-ƙasa, ban kawo komai a raina ba, har nakan taya su jimami.

Wata ranar da zazzaɓin ya yi tsanani har maigidana bai san wanda yake kansa ba, Alhaji ya shigo da hantsi tare da wani mai maganin mayu da ya ɗauko daga ƙauye. Mutumin ya sa aka kawo garwashi a kasko, ya barbaɗa wani gari, ya lulluɓe marar lafiya da zane shi da hayaƙin. Ya ce kowa ya yi shiru, duk wanda ya kama masa kurwa yanzu zai ambaci sunansa. Aka fitar da ni, ina tsaye a bakin ƙofa.

A nan sai na faɗi wani abu. Tun da aka ɗaura mana aure maigidana bai taɓa kiran sunana a gaban mutane ba. Malama yake ce mini, ko ya ce ke. Sunana na yanka sai mu biyu a ɗaki. Ran nan hayaƙi ya shaƙe shi, ga zafin jiki, ga duhu a ƙarƙashin zane, sai ya yi abin da kowane mai ciwo zai yi, ya kira wadda take kawo masa ruwa. Ya kira sunana da ƙarfi, ya sake kira, a gaban uwarsa da wansa. Na yunƙura zan shiga, Alhaji ya tare ƙofar da hannu.

Ya ce, "Kun dai ji da kunnenku."

Abin da ya biyo baya ina tuna shi kamar jiya. Aka fito da maigidana aka kwantar a tabarma a tsakar gida. Kafin a ce me, matan maƙwabta sun cika gidan, wasu sun leƙo ta kan katanga. Aka cire mini mayafi da ɗankwali. Mai maganin ya ce in tsallake shi in sakar masa kurwa. Na dubi surukata, ta kau da kai. Na dubi Alhaji, ya ce in ba ni da hannu a ciki me zai hana ni tsallakawa, in kuwa na ƙi ya mutu, ga matasa nan a zaure suna jira. Na tattare zanena na tsallake mijina. Aka ce in sake, na sake. Aka ba ni ruwa a ƙoƙo aka ce in kurkure baki in mayar, aka ɗura masa. 'Yata tana tsaye ta rungume turmi tana kallo, ba ta yi kuka ba.

Wanda bai taɓa ɗaukar wannan suna ba bai san nauyinsa ba. Iyaye suka fara zuwa makaranta a canza wa yaransu aji. In na je famfo sai layi ya watse, uwa ta janye ɗanta ta tura shi bayanta. Ni da sauƙi, na girma. Amma a wurinmu an ce maita a nono ake shanta, in an kira uwa mayya an gama da 'yarta ke nan. Yarinyar nan tun tana ɗaukar allo ta san yadda ake matsawa a bar mata tabarma ita kaɗai.

Da maigidana ya dawo hayyacinsa ban gaya masa ba. Yarinyar ce ta gaya masa, tiryan-tiryan, kamar mai ba da hadda. Ya juya fuska bango ya daɗe. Da ya juyo ya ce, "Ke nake nema shi ya sa na kira ki." Daga nan ya ce in aika wa yayana, yana so a kai shi Kano. Wannan ne karo na farko da na ga ya yanke shawara bai tambayi wansa ba.

A babban asibiti a Kano aka haɗa mu da wata likitar jini, mace mai ɗan jiki da ba ta da gaggawar magana. Ta sa aka kwantar da shi, aka soka wata allura mai kauri a ƙashin ƙugunsa ta baya aka zuƙo ɓargo. Da sakamako ya fito ta kira ni ofishinta, ta fara tambayata aikinsa. Ina fara ba ta labarin tiyo da sito marar taga ta ajiye biro.

Ta ce jini ba a jijiya ake yinsa ba, jijiya hanya ce kawai. A cikin ɓargo ake yinsa, kullum, tun daga haihuwa har mutuwa, saboda ƙwayoyin jini ba sa daɗewa, suna tsufa suna mutuwa sai an maye gurbinsu. A cikin ɓargon akwai wasu ƙwayoyi kaɗan da ta kira iyaye. Su suke haifar jajayen da ke ɗaukar iska, da fararen da ke faɗa da cuta, da 'yan mitsi-mitsin da ke tsayar da jini in mutum ya yanke. Wannan na taɓa jin wani abu kamarsa a makarantar horon malamai. Na biyun ne ban taɓa ji ba. Ta ce iyayen nan ba sa iya zama su kaɗai. Akwai wasu ƙwayoyi dabam a ɓargon waɗanda ba sa taɓa zama jini, ba sa kuma fita ko'ina. Aikinsu su miƙa hannuwa su saƙa wani abu kamar sheƙa a jikin ƙashi da gefen ƙananan jijiyoyi, iyayen su lafe a ciki. Su suke riƙe su kada su zube, su suke fitar da sinadaran da ke ciyar da su, su suke sa wannan ta kwanta ta huta, waccan ta tashi ta haihu. In mutum ya yi asarar jini ko cuta ta shige shi, su suke ƙara ƙaimi. Ta ce ko a ɗakin gwaji, in aka ɗebo iyayen aka sa a faranti su kaɗai, ba sa jimawa suke lalacewa, amma in aka shimfiɗa musu waɗannan a ƙasa sai su ci gaba da haihuwa.

Sannan ta zo kan fetur. Ta ce akwai wani sinadari a cikinsa da yake shiga jiki ta numfashi da ta fata. Hanta ta sarrafa shi, ya wuce ɓargo domin yana son wuri mai maiƙo, ya zauna yana ƙona iyayen yana ƙona sheƙar. Ba kowa yake yi wa daidai ba, ya danganta da yawan abin da aka shaƙa, da daɗewar da aka yi, da irin jikin mutum. Ta jawo madubinta mai girmama ƙananan abubuwa ta ce in sa ido. Ta fara nuna mini ɓargon mai lafiya, cike maƙil kamar ranar kasuwa. Ta canza ta sa na maigidana. Wasu fararen zagaye ne birjik babu komai a cikinsu, sai ɗai-ɗai a gefe. Ta ce wannan kitse ne, shi yake cike wurin in aiki ya tsaya.

Na tambaye ta to jinin da muke ta ƙara masa ina yake zuwa.

Ta ce, "Jinin aro ne, Malama. Yana tsufa ya mutu kamar na kowa, sai dai shi babu mai haifa masa wani. Ba wai wani ne yake sha ba."

Ita da wasa ta faɗi ƙarshen, ba ta san abin da ta taɓa ba. Ni kuwa da na tsallake mijina a gaban unguwa ban zubar da hawaye ba, a ofishin nan na yi kukan har ta tashi ta rufe ƙofa. Da na natsu na tambaye ta batun dashen ɓargo da nake ji a rediyo. Ta ce ana yi, amma iyayen ake dasawa, sheƙar ta mai jiki ce, kuma shi ya riga ya yi nisa, jikinsa ba zai ɗauka ba. Ta ce da an raba shi da siton tun ranar da dasashinsa ya fara jini, da akwai fata.

Na dawo Daura da wannan magana kamar na riƙo wuƙa. Na sa yayana ya raka ni zaure na zayyana wa Alhaji ita daga farko har ƙarshe, iyaye da sheƙa da kitse, ban rage komai ba. Ya saurare ni yana ɓare goro. Da na gama ya ce shi ma ya zuƙi tiyo tun kafin a yaye ni, ga shi nan garau, kuma rabin samarin Kongolam da fetur suke kwana suke tashi. Sai ya jefa goron a baki ya ce, "To fetur ɗin ne ya kira sunanki?"

Tun daga ranar na yanke masa hukunci a raina. Na ce mutumin nan ya sani sarai, ya zaɓi ya jefa ni wuta ne don kada a ce sitonsa ya kashe ƙaninsa. Maigidana bai ga damina ta gaba ba. Jini ya ɓalle masa da rana tsaka, kafin a samo mota ya cika, kansa a cinyata. A zaman makoki matan da suka zo gaisuwa sukan gaida surukata su tsallake ni. Ina gama takaba na ɗauki 'yata na koma gidanmu a Zango, na nemi canjin makaranta. Ba a yi nisa ba na ji Alhaji ya sa babban ɗansa a siton, a gurbin marigayi. Na ce haɗama ce, wanda bai ji tausayin ƙani ba ina zai ji na ɗa.

A Zango mun samu sauƙi. Maganar ta biyo mu a motocin haya, amma a nan an san ubana da kakana, ba ta yi ƙarfi ba. Yarinya ta girma, ta gama sakandare, ta koyi ɗinki har ta fi mai koya mata. Ni kuwa ina nan da abina. Duk sallar da na yi sai na ambaci Alhaji, kuma ba alheri nake roƙa masa ba. In na ji an ce an kama masa kaya a iyaka sai in ƙara mai a miya ran nan.

Sai wani yaro ya fito neman aurenta, ɗan mutanen kirki, mai sayar da hatsi a kasuwa. Ta so shi, ni ma na so shi, don yana cire takalmi tun daga soro. Magana ta yi nisa har manyansa suka yi abin da ake yi, suka tafi bincike unguwar ubanta, tun da asalin yarinya a can ake tambayarsa. Daga ranar da suka je Daura ƙafa ta ɗauke. Da kyar yaron ya zo ya tsaya daga nesa ya ce mahaifiyarsa ta rantse ba zai auri 'yar mayya ba. Yarinyar ta daina taɓa keken ɗinki, ta daina cin abinci sai an yi da gaske. Wata rana ina tsince shinkafa ta zo ta zauna kusa da ni.

Ta ce, "Umma, me ya sa kika tsallaka?"

Na ci gaba da tsintar shinkafa, amma da a ce Alhaji yana gabana a lokacin, ban san abin da zan yi masa da wannan faranti ba.

Allah da ikonsa, a cikin daminar shekarar, wata rana bayan la'asar yayana ya shigo ya ce in fito zaure ina da baƙo. Na sa mayafi na fita. Alhaji ne a tsugune a ƙasa, ga tabarma an shimfiɗa masa ya ƙi hawa. Ya tsufa, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Bai iya gama gaisuwa ba ya shiga bayani. Ɗan nasa ne, mai mata da yara yanzu. Gajiya, farin tafin hannu, dasashi yana jini. An ƙara masa leda ɗaya ta tafi. Ina jinsa ina cewa a raina yau dai ga shi ya kawo kansa, zai ce Malama kin yi gaskiya, wace likita ce. Sai ya ɗaga hannu biyu.

Ya ce, "Malama, ki dubi Allah ki sakar mini yaron nan. Kin ɗauki ɗaya, ya isa."

Shekara da shekaru ina ƙin mutumin nan a kan ya yi mini ƙarya yana sane, ashe har cikin ransa ya yarda. Shi ya sa ya tura ɗan cikinsa siton hankali kwance. Duk tsawon lokacin nan da nake kwana da shi a zuciya, shi ma yana kwana da ni, cikin tsoro. Ban ji tausayinsa ba ko kaɗan. Wani sanyi na ji ya sauko mini tun daga ka, irin wanda ban ji ba tun rasuwar maigidana.

Bakina ya cika da maganar likita, iyaye da sheƙa da sauransu. Na haɗiye ta. Na taɓa kai masa ita har zaure ya ɓare goro a kanta. Na nemi gefen tabarma na zauna na yi shiru, na bar shi a tsugune. Ban ce ni ce ba, ban ce ba ni ba ce.

Da na ga ya yi laushi na ce ina da sharaɗi. Na farko, yau ɗin nan a raba yaron da sito, a sa kwaɗo a ƙofar, gobe da sassafe a kai shi Kano wurin likitocin jini, kuma ko ya warke kada ya sake taka wurin, shi ko wani. Ya ce an gama. Na biyu, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya tara dattawan unguwa a ƙofar gidansu, ya aika a kira manyan yaron da ke neman 'yata, ya faɗa da bakinsa cewa abin da aka ce a kaina ba gaskiya ba ne, ciwon ɓargo ne ya kashe ƙaninsa, kuma shi ne waliyyin yarinya. Ya ce ya yarda. Na uku, 'yata za ta tuƙa tuwo da hannunta ta kawo masa, ya ci a gaban kowa.

Nan fuskarsa ta canza. Ya yi ta motsa baki, can ya ce ko za a sayo fura a kasuwa ta miƙa masa, ai duk ɗaya ne. Na ce tuwo na ce, ita za ta jiƙa dawar, ita za ta kaɗa miyar. In bai iya ba, ga hanya nan, Allah ya ba yaro lafiya. Na yunƙura zan tashi, ya ce ya yarda.

Bayan ya tafi yayana ya yi mini faɗa. Ya ce shirun da na yi kamar amsa laifi ne, kuma ba kyau a yi wasa da tsoron mutum. Na ce ya nuna mini kalma ɗaya ta ƙarya a cikin abin da na faɗa. Ya girgiza kai ya shiga gida.

Ranar Juma'a muka shiga motar farko zuwa Daura. Rabona da gidan tun fitata daga takaba. Surukata ta riga ta rasu, matan gidan suka yi ta sunne kai suna ba mu hanya. An riga an tafi da marar lafiya Kano, uwarsa tana can tare da shi. Na zaunar da 'yata a madafi na ce ta yi tuwon da ba ta taɓa yin irinsa ba. Ta yi na dawa mai laushi, da miyar kuka da ta sha daddawa da man shanu. Ban taɓa ko muciya ba, na kuma tabbatar matan gidan sun ga ban taɓa ba.

Da aka sauko daga masallaci na tsaya a soron ciki, inda nake hango ƙofar gida ta gefen labule. An shimfiɗa tabarmi, dattawan unguwa sun zauna, ga liman, ga baffan yaron da ke neman 'yata da wani ƙanin kakansa sun zo daga Zango. Alhaji ya miƙe ya fara magana ƙasa-ƙasa kamar mai karanta addu'a. Wani tsoho mai nauyin kunne ya ce ba a ji, ya ɗaga murya. Allah ya saka wa tsohon nan da alheri. Alhaji ya maimaita da ƙarfi, cewa an zalunci matar ƙaninsa, shi ne kan gaba a zaluncin, ciwon ɓargo ne da fetur ya jawo, yarinya kuwa 'yarsa ce shi zai ba da ita. Yana faɗa yana satar kallon labule, don ya san ina nan.

Sai 'yata ta fita da kwanuka, kanta a ƙasa, ta durƙusa ta ajiye a gabansa ta buɗe. Ta zuba masa miya da hannunta. Ya wanke hannu ya daɗe yana wankewa. Ya yi bisimilla, ya sake yi. Ya gutsuro loma, miya tana ɗiga a rigarsa ta Juma'a, ya kai bakinsa ya rufe ido. Na ga maƙogwaronsa ya yi sama ya yi ƙasa. Gumi ya keto masa daga ƙarƙashin hula. Kowa yana kallonsa, shi kuwa yana jiran ya ji abin da zai faru a cikinsa.

Baffan yaron ne ya fara motsawa. Ya jawo buta ya wanke hannu ya matso ya sa a kwanon. Ya ci loma biyu masu kyau ya ce wa ɗan'uwansa ya matso kada a bar shi a baya, yarinyar nan ta iya miya. Liman ma ya sa hannu. Kafin kwanon ya yi rabi baffan ya juya ya tambayi Alhaji ranar da za su kawo kaya.

Alhaji ya ba shi amsa da kyar, ya janye hannu zai ce ya ƙoshi. Na kira 'yata a hankali ta zo bakin labule, idonta ya cika da hawaye tana murmushi. Na miƙa mata ɗaya kwanon na ce ta kai wa baffanta Alhaji, nasa ne shi kaɗai, ta tsaya a kansa har ya cinye.

An ɗaura auren bayan kaka, Alhaji ne ya karɓi sadaki. Ɗansa ya daɗe yana jinya, amma an kai shi da wuri, sheƙar ba ta gama ƙonewa ba, jininsa ya dawo a hankali. Alhaji ya tabbata ni na sakar masa ɗan. Ina jin labari tun daga ranar tuwon ko cikinsa ne ya murɗa sai ya aika a kira masa malami, ya rame, ba ya cin abincin kowa sai ya sa an ɗanɗana. Kwanan baya ya turo matarsa takanas har Zango, wai in taimaka in faɗa masa kalma ɗaya ko zai samu barci, shin akwai wani abu a cikin tuwon nan ko babu. Na ba ta ruwa ta sha, na tambaye ta yara, na raka ta har bakin titi. Da mota ta tsaya na ce ta gaishe shi, ta ce masa ina nan ina tunani.